Nkansa Ɓarawon Magana

Faɗanmu na farko da Yaw Nkansa a kan rago ne, kuma ragon ma ba nasa ba.

Ranar kasuwa ce a Anomaso. Na jera nunanniyar agade a faranti, na juya in gyara wutar gashi, kafin in waiwayo wani ƙaton rago mai baƙin wuya ya cusa kai a cikin farantin har kunnuwa. Ba a dukan ragon fada, kowa ya san wannan. Haka na tsaya ina kallo har ya gama, ya lashe baki, ya yi mini gyatsa, ya wuce wajen mai ganyen gwaza. Na ɗauki farantin yadda yake, da ɓawo da yawu, na nufi fada.

Nana Adomako na zaune a kujerarsa, ƙafafu cikin takalman sarauta, dattawa dama da hagu. A gefensa Nkansa ne tsaye da sandar okyeame, don a wajenmu ba a yi wa sarki magana kai tsaye ko da gwiwarka na gogar tasa. Kai ka faɗa wa okyeame, shi ya miƙa. Sarki ya amsa ƙasa-ƙasa, okyeame ya ɗaga murya ya miƙo maka. Na tuɓe takalmina, na dire farantin.

"Okyeame, ka faɗa wa Nana ragonsa ɓarawo ne," na ce. "Ka ce masa ban san inda ya koyi sata ba in ba a gidan nan ba."

Dattawa suka shiga duban ƙasa kamar sun yar da allura. Nkansa ya gyara mayafinsa, ya matsa kusa da kunnen hagun Nana, ya buɗe murya.

"Nana, 'yarka Eno Pokuaa ta zo gaisuwa. Ta ce ragon fada ya kai mata ziyara a kasuwa. Ya duba hajar kowa, tata ya zaɓa. Ta ce duk wanda ya ga tarbiyyar ragon nan ya san gidan da ya tashi."

Nana ya dube ni, ya yi murmushi har da gyaɗa kai, ya motsa leɓe.

"Nana ya ce ya gode," in ji Nkansa. "Ya ce kakanni su ƙara wa farantinki albarka."

"Ba haka na ce ba."

"Haka aka ji, Eno."

Na jira shi a gindin bishiyar ƙofar fada har aka tashi. Yana fitowa na tare shi, na kira shi ɓarawon magana a gaban masu goro. Bai yi fushi ba, ban taɓa ganin ya yi ba. Cewa ya yi da ya miƙa maganata yadda ta fito, da yanzu ina yawon neman tunkiyar tara da kwalbar barasa, don abin da zagin sarki ke ci ke nan. Wai cetona ya yi.

"Da na biya," na ce. "Ko ba komai da zagina ya isa inda na aike shi."

Sunan kuwa ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Tumakin fada kuma saura ƙiris su raba Nana da takalmansa, kuma in aka zare takalman sarki tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa, to sarauta ta ƙare, sai dai ya ɗauki adda ya koma gona kamar kowa. Amma kafin a kai can sai a san wane ne Nkansa.

A gidan da ke bayan itatuwan goro aka haife shi. Ya yi jinkirin magana har uwarsa ta fara kai shi wajen masu magani, da bakin ya buɗe kuwa sai ya buɗe a karkace. An ce ranar da ya fasa tukunyar miya, aka tambaye shi, cewa ya yi tukunyar ta gaji da zama ita kaɗai, shi ne ta rabu. Uwar ta ɗaga muciya, dariya ta hana ta saukewa. Tun daga ranar yaron ya gane cewa magana in an juya ta tana tare duka, bai kuma sake faɗin abu a miƙe ba.

Kawunsa na wajen uwa, Opanin Gyamfi, shi ne okyeame na wancan zamani, kuma Nkansa ne magajinsa. A wajensa ya kwashi karin magana kamar yadda mata ke tsintar dodon koɗi da damina. Ba zan maimaita ko ɗaya ba, na ji su har sun ishe ni. In ka tambaye shi ko za a yi ruwa, sai ya kawo maka kunkuru, ya kawo kaguwa, ya kawo wani tsohon mafarauci da karensa, kafin ya gama ruwan ya riga ya jiƙa ka.

Neman aurensa ma haka ya kasance. Ya kwashe kakar koko guda yana zuwa gidan su Fosuaa, ya zauna a kan turmi yana ba ta labarin kogi da kaguwa. Yarinyar ta ɗauka tarkon kifin ubanta yake son aro. Ran nan ta gaji, ta ajiye tsintsiya ta ce, "Yaw, aurena kake so ko kaguwa?" Ya ce ai tambayar tata ta tuna masa da wata kurciya. Ta ce ya je ya turo manyansa kafin kurciyar ta tashi. Sun haifi 'ya'ya, sun aurar, kuma har Fosuaa ta koma ga kakanni ba ta san ko yana son miyarta ba.

Shi da Adomako tare suka tashi, tare suka yi ta ɗana wa gyazbi tarko a gonakin mutane, tare aka zane su. Adomako ya tafi Kumasi ya zama tela. Da kujerar sarauta ta faɗi babu kowa, uwar sarauta ta nuna shi, aka je aka kamo shi daga kan keken ɗinki, aka shafe shi da farar ƙasa, ya zama Nana. Ba a daɗe ba Opanin Gyamfi ya rasu, sanda ta dawo hannun Nkansa. A kan sandar an sassaƙa hannu riƙe da ƙwai, an lulluɓe da ruwan zinariya da ya fara ɓarewa. Dattawa sun ce tunatarwa ce ga mai mulki kan yadda zai riƙe jama'a. Ni dai abin da na sani game da ƙwai shi ne a dafa shi a ɗora a kan eto, dakakkiyar doyarmu mai manja, a ci.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa. A zamaninsa ba wanda ya shiga fada ya fito da kunya. Gidaje biyu za su zo a kan iyakar gona, kowa da adda a zuciya. Wannan ya ce wancan ɗan ɓarayi ne, Nkansa ya miƙa cewa yana yaba himmar kakanninsa wajen faɗaɗa gona. Wancan ya rama, Nkansa ya wanke ramuwar ya shafa mata mai. Kafin rana ta take kowa ya ji an yabe shi da bakin abokin gabarsa, ga yunwa ta kama su, sai a raba gonar a inda aka ga dama. In shari'a ta yi tsauri dattawa su tashi su ce za su je su tambayi tsohuwa, kamar yadda ake faɗa, su zagaya bayan gida su yi shawara. Na tsufa a garin nan ban ga tsohuwar da suka taɓa tambaya ba. Abin da ke bayan gidan tulun bammi ne.

To duk wanda aka kama da laifi tunkiya yake kawowa. Sarakunan da suka wuce yankawa suke yi, a zuba wa kujerun kakanni nasu, a raba saura. Nana Adomako mutum ne mai taushin zuciya, tela ne da bai saba da jini ba. Sai wadda al'ada ta tilasta ake yankawa, sauran ya bar su, har sunaye yake sa musu. Suka hayayyafa. Suka fi 'yan makarantar garin yawa, suka kuma fi su rashin kunya.

Abin da ban sani ba ranar da na kai faranti shi ne wannan. Shekarun baya, a jana'izar wani sarkin maƙwabta, bindigar wani mafarauci ta fashe dab da laimar Nana. Ba wanda ya ji rauni, aka yi ta barka. Bayan 'yan kwanaki wani ya kawo ƙarar matarsa, Nkansa ya miƙa, ya sunkuya ya ji amsa, sai Nana ya raɗa masa, "Na ci, da miyar gyaɗa." Nkansa ya gwada ta dama, shiru. Ya gwada ta hagu da ƙarfi, sai ga amsa ta zo daidai. Ya san dattawan nan sarai. Akwai masu ɗan 'yar'uwa da suke so su ɗora, kuma sarkin da ba ya ji ba sai an nemo masa wani laifi ba. Ya dubi abokinsa, mutumin da suka sha bulala tare a kan gyazbi, ya ƙudura cewa ba wanda zai sani.

Daga ranar ya koma tsayuwa a hagu. Duk abin da ya shiga kan Nana ta bakin Nkansa ya shiga, kuma bakin Nkansa ba ya fitar da abu sai ya tsoma shi a zuma. Mai ganyen gwaza ta kawo kuka, Nana ya ji cewa mata na rububin ciyar da tumakinsa. Mai wa'azin coci ya zo ya ce sun shiga sun cinye furannin bagadi, Nana ya ji cewa ko dabbobin fada sun kama ibada. Mutumin yana zaune yana murmushi, ya tabbata a duk ƙasar Asante babu sarkin da ake ƙauna kamarsa. Mu kuma muna kallon murmushin muna cewa wannan wane irin marar kunya ne, ana zaginsa yana gyaɗa kai.

Wanda ya kawo ƙarshen haƙuri shi ne Twumasi kafinta, shugaban samari, mutum mai wuya kamar turmi. Ya yi renon dashen koko a bayan shagonsa, yana ba su ruwa kamar jarirai, tumaki suka shiga da safe suka bar masa sanduna. Ya je fada yana kumfa. Aka miƙo masa godiyar Nana. Ya fito ya tara samari, suka aika wa dattawa cewa ranar Akwasidae, bikin tuna kakanni, in an fito zaman gaisuwa, za su karanto laifuffuka a gaban kowa, in Nana ya sake yi musu murmushin nan, to a zare takalman. Dattawa ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Uwar sarauta ma ta yi shiru, kuma shirunta ya fi ihun Twumasi ban tsoro.

Nkansa ya rasa inda zai sa kansa. Ya je gona ya kasa sara. In ya miƙa maganar samari da zuma, Nana zai yi murmushi, takalma su tafi. In ya miƙa ta ɗanya, ya tona cewa shekara da shekaru ƙarya yake shayar da sarki. Ana jibi Akwasidae, da la'asar, ina tsakar gida ina ɓare rogo, sai ga shi ya shigo ba sanda, yana murza hannu.

"Eno, sannu da aiki."

"Ɓarawon magana. Me ka zo sata?"

"Na zo tambayar tsohuwa."

"Bammin bayan fada ya ƙare ke nan."

Ya zauna a kan kujera 'yar tsuguno. Ya fara da wata giwa da ta taka ƙaya. Na ce in giwar nan ba ta fita gidana ba zan watsa masa ruwan rogo. Sai ya dubi ƙasa, ya faɗa mini zancen bindiga da kunne. Ko shi ɗin sai da na tatso shi kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro.

Na ajiye wuƙa. Na tuna murmushin nan na ranar faranti, tausayi ya ɗan kama ni, amma ban bar shi ya gani ba.

"To bindiga ta ɗauke masa kunne ɗaya," na ce, "kai ka ɗauke ɗayan."

"Kare shi nake yi, Eno."

"Da kyau. Ka kare shi har ya kai bakin rami yana dariya. Jibi za ka faɗa masa yadda aka faɗa."

"Bakina bai iya ba."

"Zai koya. Tashi tsaye. Ga turmi nan, shi ne Nana. Ka ce, Nana, tumakinka sun cinye gari."

Ya miƙe, ya gyara mayafi, ya fuskanci turmin da ladabi. "Nana, dabbobin fada sun shaƙu da jama'a ƙwarai."

"Sake."

"Nana, an ga wasu bayin Allah masu ƙafa huɗu suna zagaya kasuwa don duba lafiyar..."

Na jefe shi da ɓawon rogo. "Yaw, kai ka taɓa zagin wani tun da aka haife ka?"

Ya yi tunani. "Na taɓa gaya wa wani direba cewa tuƙinsa na sa mutum ya tuna da kakanninsa."

"Me ya ce?"

"Ya yi godiya."

Muka yi ta yi har kaji suka fara neman wurin kwana. Mafi kusa da ya kai shi ne cewa tumakin sun ɗan wuce gona da iri wajen nuna ƙauna. Na ce ya tashi ya tafi, ni ba zan iya gyara abin da uwarsa ta kasa da muciya ba. A bakin ƙofa na ce masa ya zaɓa, abokinsa yake so ko daɗin bakinsa, don jibi ɗaya zai fita da shi daga fada. Bai kawo mini kunkuru ba. Ya tafi shiru, abin da ban taɓa gani ba.

Ranar Akwasidae gari ya cika tun da hantsi. An shiga ɗakin kujeru an zuba wa kakanni barasa, an fito, ganguna na tashi, Nana ya zauna ƙarƙashin laima cikin mayafin kente, fuskarsa fal annuri. Tumaki ma sun halarta. Baƙin wuya, wanda ya tsufa ya ƙara iskanci, yana tsaye a gaba kamar shi ma dattijo ne. Ni na sami wuri a sahun mata, na zo da agade guda da tunkiyar fada ta gatsa a kasuwa jiya, na ɓoye a zane.

Twumasi ya fito, ya sauke mayafi daga kafaɗa kamar yadda ake yi, amma idonsa ba a kan fuskar Nana yake ba, a kan takalman yake. Ya zazzage komai. Kasuwa, coci, dashen koko, shanyar masara, har da littafin wani ɗan makaranta. Ya ce sarkin da ake kuka yana dariya ba sarki ba ne. Samari suka matso. Dattawa suka shiga neman allurarsu a ƙasa.

Nkansa ya matsa kunnen hagu.

"Nana, 'ya'yanka samari sun zo cike da..."

Leɓen Nana ya fara buɗewa, murmushin na tahowa. Twumasi ya ɗaga ƙafa ɗaya gaba. Na zaro agaden nan na ɗaga sama inda Nkansa zai gani. Ya damƙe sandar da ƙarfi har ta girgiza, ƙwan da ke samanta, wanda gara ta daɗe da cin gindinsa, ya ɓalle ya faɗo, ya gangara har gaban baƙin wuya. Ragon ya sunsuna, ya ga itace ne, ya kau da kai. Ganguna suka tsaya.

Sai Nkansa ya sa baki a kunnen abokinsa ya kwarara ihu.

"Nana, tumakinka sun cinye gari!"

Da ya ga bai mutu ba sai ya ci gaba, kamar an fasa madatsar ruwa. "Mata zaginka suke yi a kasuwa. Mai wa'azi ba yabo ya kawo ba, ƙara ya kawo. Eno Pokuaa ta ce ragonka ɓarawo ne, kuma a gidanka ya koya, tun tuni ta faɗa, ni na ɓoye. Samarin nan ba gaisuwa suka zo ba. Takalmanka suka zo zarewa."

Zagina ya isa. Ya yi shekaru a hanya, amma ya isa.

Nana ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin kujera. Sannan ya yi abin da ba a yi, ya yi magana da kansa, da irin muryar wanda ba ya jin kansa, har tsuntsaye suka tashi daga rufi.

"Yaw, ba kai ka ce mini mata na rububin ciyar da su ba?"

"Ni na ce, Nana."

"Ba kai ka ce Twumasi saboda su ya dasa kokon ba?"

Wata mata a bayana ta tuntsire, dariya ta bi sahu kamar wutar kaka. Twumasi ya so ya riƙe fuskarsa, ta ƙi riƙuwa.

Nana ya dubi jama'a. "Kunnena ya mutu tun ranar bindigar nan," ya ce. "Ni na ɗauka duk kun sani, kara kuke yi mini. Ina ta cewa a raina, kai, mutanen Anomaso akwai kirki."

Nan dariyar ta mutu. Ba wanda ya iya duban wani.

Bai jira okyeame ba. Ya ce a kama tumakin duka, yau ɗin nan. A ba kakanni nasu, a fara rabo da matan kasuwa, sannan duk wanda aka yi wa ɓarna. Ya ce baƙin wuya na matar da ta ɗaga agade ne, ta yi yadda ta ga dama da shi. Dattawa suka tashi suka ce za su je su tambayi tsohuwa. Sun jima a bayan gida, suka dawo suna goge baki, suka ce tsohuwa ta ce sarkin da aka faɗa masa sau ɗaya ya gyara, kunnensa ya fi na wasu masu biyu. Takalma suna nan inda suke. Okyeame kuwa, saboda ya tare hanya tsakanin sarki da jama'a, an ci shi tara. Tunkiya ɗaya.

Samarin da suka zo zare takalman sarki su ne suka wuni suna bin tumaki lungu-lungu, Twumasi har ya yar da nasa takalmin a kwata. Garin ya kwana uku yana ƙamshin miyar nama. Baƙin wuya tauri ne da shi kamar tayar mota, amma na cinye shi, ban bar wa kare ko ƙashi mai daɗi ba. Twumasi ne ya maida ƙwan kan sanda da ƙusa, ya ce wannan karon ko an shaƙe okyeame ƙwan ba zai faɗo ba.

Nana dai ya yi fushi da abokinsa, fushi na gaske. Matsalar ita ce ba shi da bakin da zai faɗi haka sai na Nkansa. Zaman farko bayan bikin ya ce, "Okyeame, ka faɗa wa Yaw Nkansa ba na magana da shi."

Nkansa ya gyara mayafi, ya dubi iska a gabansa. "Yaw Nkansa, Nana ya ce zumuncinku ya kai matsayin da ba ya bukatar..." Ya hango ni a bakin ƙofa. "Ya ce ba ya magana da kai." Ya juya kunnen hagu. "Nana, Yaw Nkansa ya ce ya ji."

Haka suka yi ta yi har aka fara shanya koko. Ran nan aka gan su a bayan fada su biyu, suna cin gasasshen gyazbi, Nkansa na yi masa ihu a kunne suna dariya.

Ba zan ce ya warke ba. Zumar ta dawo a hankali, don a jininsa take. Sai dai ya sami dabara. Zai kawo kunkurunsa da kaguwarsa, ya yi ado ya yi kwalliya, in ya gama sai ya ja numfashi ya ce, "Ma'ana dai, Nana, ya ce hukuncinka bai yi ba." Mutane suka saba, har in ya fara sai ka ji ana cewa a jira ma'ana dai. Nana Adomako ya ci gaba da mulki har ranar da ya tafi ƙauye, kamar yadda muke faɗa in sarki ya rasu, kuma da takalmansa ya tafi. Bayan jana'iza Nkansa ya miƙa sanda ga ɗan 'yar'uwarsa, ya koma zama a ƙofar gida yana ba awaki labarin da ba su tambaya ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, kowa ya ga tafiya ce, mutane suka fara zuwa da saƙo ga mamatansu kamar yadda aka saba, wannan a gaida uwarsa, wancan a faɗa wa kawunsa an gama ginin. Wa ya fi okyeame dacewa da aike? Na je da safe da 'yar miya a kwano. Ya rame har mayafin ya fi shi nauyi, amma idon na nan.

"Eno, kowa ya ba da saƙo sai ke. Ba abin da za a faɗa wa Agyekum?"

Agyekum mijina ne, ya riga mu komawa ga kakanni tun ina da sauran haƙora.

"Akwai," na ce. "Ka ce masa malalaci ne. Rufin ɗakin da ya ce zai gyara in ya dawo daga gona har yau yana yoyo. Ka ce na san don ya guje wa aikin ya mutu."

Ya lumshe ido, ya ɗan ɗaga hannu kamar sandar na ciki. Muryar ta fito siririya, amma tsaf.

"Agyekum, matarka Pokuaa na gaisuwa. Ta ce ba ta bar kowa ya taɓa rufin nan ba. Ta ce duk sanda aka yi ruwa sai ta tuna da kai."

Na daɗe ina gyara murfin kwanon, ko da yake a rufe yake.

"Ɓarawo," na ce. "To, wannan ka iya faɗa masa, ban hana ba. Amma ka fara da malalacin. Ina nan tafe a bayanka, kuma zan tambaye shi."